Matar da Ake Sallama Kullum

Tun da annobar nan ta shigo, labaran ƙarfe bakwai na gidan talabijin ɗin suka koma karatun takardar Ma'aikatar Lafiya. Takardar kan iso da la'asar, edita ya karɓe ta da hannu biyu kamar saƙon suruki, ya miƙa a karanta, ko waƙafi ba a taɓawa. Mutum kaza sun kamu, kaza sun warke, a wanke hannu, kowa ya zauna gida. Wanda ya mutu a gadon asibiti shi ne mamaci. Wanda ya mutu a ɗakinsa kuwa, shi ya sani.

Dogo, mai ɗaukar hoton gidan, shi ya ɗauko hoton da ake sawa duk lokacin da aka zo kan waɗanda suka warke. Daƙiƙa tara ne kacal. Wata mata na fitowa daga cibiyar killace masu cutar tana ɗaga hannu, ma'aikatan jinya na tafi, minista a gefe ya sauke takunkumi don a ga haƙoransa. Matar nan yayar Dogo ce. An sallame ta ne ranar saboda minista zai zo, ana neman wadda za ta iya tsayawa da ƙafarta. Bayan kwana shida numfashi ya gagare ta, ta cika a gida.

Hoton dai bai sauka ba. Mako uku cur, kullum sai an sake sallamar ta, kullum kuma mahaifiyarsu sai ta tashi daga gaban talabijin ta shige ɗaki tana kuka. Abin ya ishi Dogo, ya sami edita a ofis.

"Yallaɓai, a cire hoton nan. Yayata ce, ta rasu. Da hannuna na sa ta a kabari."

Edita ya ja kujerarsa baya, ya matsa man kashe ƙwayoyin cuta a tafinsa yana murzawa.

"Ayya, Allah ya jiƙan ta. Amma a takarda ta warke, Dogo. Mu ba likitoci ba ne. Kuma shi ne hoton da Mai Girma ya fi kyau a ciki, ofishinsa ma sun yaba."

Ka ji fa! Wai wannan shi ne ɗan jarida mai shekara talatin a bakin aiki.

Dogo ya fice daga ofishin. Ya shiga ɗakin tace hotuna ya goge hoton, ya bi na ajiya ya goge, har wanda ke wayarsa bai bari ba. Ya zauna jiran takardar kora. Ina! Edita tsaki kawai ya yi, ya sa aka kira mai sharar ofis, aka zura mata rigar asibiti, aka ɗauke ta a wurin ajiye motoci tana ɗaga hannu. Daga Ma'aikatar ko waya ba a bugo ba.

Da yamma ya koma gida zuciyarsa sakayau, yana ganin yau ya raba tsohuwa da kuka. A falo ya tarar da 'yar marigayiyar, 'yar shekara biyar, ta jawo kujera dab da talabijin, kwanon abincinta a cinya ba ta taɓa ba. Ta kalli mai shara ta ɗaga hannu a talabijin ta wuce. Ta jira har aka gama hasashen yanayi, sannan ta juyo.

"Kawu, yau Umma ba ta zo ba."