Tsamiyar Sailuba

Gatarin na ƙarƙashin mayafinta, ƙotarsa na zungurar haƙarƙarinta, lokacin da Umma, matar maƙwabcinta, ta leƙo daga zaure.

"Sailuba, Malam na kiran ki."

Ita ba nan ta nufa ba, filin bayan ganuwa za ta, tun masu kiwo ba su fito ba.

Filin na unguwar Kwarbai ne, da can juji ne kawai da wurin ɗaure tumaki. Malam Bahago, maƙwabcinta, tsohon mai gadin makaranta, shi ya sa kansa tun shekarar fari yana dasa ɗorawa da kanya da magarya. Ya hana a ƙone ciyawar bakin kududdufi, ya hana yara harbin tsuntsu. Mutanen Kwarbai suka sha dariya, sai da fakara da bushiya suka dawo sannan bakin kowa ya mutu.

Tsamiya biyu ce a wurin. Ɗaya shi ya dasa. Ɗayar kuwa, tsautsayi ne ya biyo da Sailuba daga wurin suyar ƙosanta, ya ce ta kama masa dashen, ita kuma da shegen karambani ta saka a rami ta tura ƙasa da hannunta. Sai da ta koma gida ta tuna maganar kakarta: wanda ya dasa tsamiya ba ya shan 'ya'yanta. Bara tasa ta yi fure, bana ga shi kwance. Shekaranjiya kuma ta ga tata ta soma. Tun daga ranar ko kanta ya sara sai ta kama salati. Tsoro take ji, tsoro na gaske, ga marayu uku a ɗaki.

Ɗakin Malam na warin man zafi. Malam Bahago na kwance a tabarma, ya ƙare sai idanu. Ta durƙusa a karkace don kada ƙotar ta fito.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ajiye gatarin, zai yanke ki."

Kunya ta kama ta. Ta zare shi ta jingina da bango.

"Ta yi fure ko?"

"Ta yi, Malam."

"Sailuba, tsufa ne ya kayar da ni, ba tsamiya ba."

"Haka ne," ta ce. "Sai dai Malam, ka ga yaran nan. Idan na faɗi wa zai riƙe su?"

Ya daɗe yana neman numfashi. Umma ta ɗiga masa ruwa da cokali.

"Ba zan ce miki camfi ne ba, liman ma ya faɗa ba ki ji ba. Abu ɗaya nake roƙo. Akwai kurciya a reshen gabas, tana kan ƙwai. Ki bari sai ranar da babu ƙwai babu ɗan tsako a bishiyar, sannan ki sare abinki."

Ta lissafa a ranta. Kurciya ai ba ta daɗewa, kafin furen ya zama 'ya'ya sun tashi.

"Na yarda."

"Alkawari?"

"Alkawari, Malam."

Ya lumshe ido, har da ɗan murmushi. Murmushin bai kwanta mata ba.

Ana kiran azahar ta ji salatin Umma ta kan katanga. Ta zauna daɓas a bakin murhu. To, maganar kaka ta tabbata kenan, saura ita.

Da ta shiga gidan, maza na neman abin da za su saro itacen rufe kabari. Yakubu, ƙanen mamacin, ya ɗauki gatarin da ke jingine da bango.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne," in ji Sailuba. "Ku je da shi. Amma dogon yaro za ku sara, kada a taɓa tsamiya."

Bayan sadakar uku ta soma zuwa filin kullum da safe, tana leƙen reshen gabas. Ƙwan ya fashe, 'ya'yan suka yi gashi, wata safiya suka tashi. Ta koma gida da sauri ta ɗauko gatarin.

Ta ɗaga shi kenan ta ji kuka a samanta. Wata kurciyar ce, a wani reshen, kwance kan 'yan tsinkayenta. Can sama kuma ga ta farkon ta dawo da kara a baki. Sai a lokacin ta tuna abin da kowane yaro ya sani: kurciya ba ta da rani ba ta da damina, wata na tashi wata na kwanciya.

"Kai, Malam," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙan ka, amma ka cuce ni."

Ta sauke gatarin. Ta zauna ta jingina bayanta da tsamiyar. Iska ta ɗan motsa, furen ya dinga zubowa a kan mayafinta, ƙanana, rawaya da ɗigon ja. Ta kai hannu za ta kakkaɓe, sai ta bar su.