Darar da Ba a Mutuwa

Mu'azu ya ci karan dara, ci mai kyau, amma hannunsa ya ƙi jefar da shi gefe. 'Yan kallo a gindin tsamiyar kasuwar Goronyo suka zuba masa ido.

Kafin Turawa su kwashe shi zuwa yaƙin Bama, Mu'azu bai san fartanya ba, dara ce gonarsa. Daga Wurno har Rabah, in ya tsuguna gaban gurabu, masu albasa kan bar buhunansu su zo kallo. Alhaji Lauwali, attajirin Rimawa, shi ke ciyar da shi yana tufatar da shi, don dai a ce gwani nasa ne. Kai, an yi zamani! Yau kuwa Alhaji ya faɗa a fili: in Yari, matashin da ya yi suna bayan tafiyarsa, ya kayar da Mu'azu, hatsi da riga sun koma gidan Yari. Ga Mu'azu da gurguwar ƙafa, ga iyali.

Bayan yaƙi an sa shi gadin fursunonin Japan. Cikinsu akwai wani siriri mai suna Shimoda, wanda shi ma tun yarinta wasa ke ci da shi a ƙasarsu. Ya sassaƙa 'ya'yan darar garinsu da gora, ya koya wa Mu'azu da nuni, don ba mai jin harshen wani. A darar tasu, ɗan da ka ci ba ya mutuwa, juya shi kake ya dawo fili yana naka. Mu'azu, da ya binne ƙanensa Isa a dajin can, ya so wannan doka har cikin ransa. Kullum suna bugawa, har jirgin ruwa ya raba su.

"Baba Mu'azu, jefar mana, rana ta yi," in ji Yari.

Hannu ya riga hankali. Mu'azu ya juya karan, ya dasa shi a gurbi tsakanin tsakuwoyinsa.

Wuri ya kaure. "Mi muka gani haka? Zamba da rana tsaka!" A wurin 'yan darar nan, wanda ya mai da matacce gurbi ya faɗi, ko ɗan wane ne. Alhaji ya kakkaɓe riga ya tashi, ko waiwaye babu.

Jama'a suka watse, aka bar su su biyu. Mu'azu ya tuna rumbunsa da iyalinsa.

"Baba, da ka jefar ka gama da ni," in ji Yari a hankali. "Wanga wasa na ina ne? Ƙaƙa aka yin shi?"

Mu'azu ya yi dariya, idonsa ya ciko.

"Da mutum biyu aka yin shi, ɗana. Ɗayan na bayan teku, ban ma san ko shina da rai ba."

Yari ya share ƙasa da tafin hannu, ya gyara zama.

"Gurbi nawa zan haƙa?"