Bidiyon Yaya Seini Ya Tare Hanya

Tun safe Sitani ke fama da kwamfuta a gidansu da ke tsibirin Vava'u, imel ya ƙi saukowa. Da ya fara sai ya maƙale a kan wani ƙaton bidiyon biki da yayarsa Seini ta turo daga birnin Auckland.

"Goge shi mana," in ji matarsa Kalolaine.

"In goge abin da Yaya ta aiko? Wane ni!"

Ta ture shi gefe, ta saita manhajar imel ɗin don ta fara kawo ƙananan saƙonni, manya su jira a can. Nan take suka zubo kamar ruwa.

Sitani ya saki baki yana kallonta. "To ina na Yaya?"

"Tana nan, maigida. Ba a kore ta ba, kujera aka ba ta ta zauna."