Sittin da Takwas

Wani dare na ji wata ƙara daga ɗakin girki, ƙyas-ƙyas, kamar ɓera ya sami buhu. Da na leƙa, sai na tarar da jikata zaune a ƙasa tana kankare ɗan allonta da cokali. Ta so rubuta "baba", ya fito "dada", ta yi ta gogewa har fentin ya tashi.

A ranar ne ubanta ya dawo daga makarantarsu da wata takarda. Mai gwajin ƙwaƙwalwa ya ba ta maki 68, alhali yawancin yara wajen 100 suke samu, ya ce da wuya ta wuce aji huɗu. Uban ya ce ƙarshen wata zai cire ta, ta zauna masa a shago.

Ni kaina a aji uku na tsaya. Haruffa iyo suke yi mini kamar 'yan kifi, amma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da safe na ɗauki takardar na juya ta kai ƙasa.

"Duba, ta zama 89," na ce wa ɗana.

"Baba, don Allah bar wasa. Na gaji."

"Yarinyar da ke gane kowa a gidan nan da takunsa?"

"Taku ba karatu ba ne, Baba."

Maƙwabciyarmu, wadda ta shigo aron tsani, ta karɓi takardar ta daɗe tana dubawa.

"Wai gwajin nan, a rubuce aka ba ta?"

"A rubuce," in ji ɗana.

"To, wa ya karanta mata tambayoyin?"