Jidda a Bakin Hajo

Ranar da aka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, Khalida ta shigo kicin da waya a hannu ta tsaya bayan mahaifiyarta. Murja tana tsince shinkafa. Da ta juyo ta ga fuskar yarinyar, sai ta ajiye tiren.

"An ba ki?"

"An ba ni, Ummi. Jidda."

Kwalejin ilimin teku ce. Tun shekarar da makarantarsu ta kai su Yanbu, ta leƙa ƙarƙashin ruwa ta gilashin wani ƙaramin jirgi, Khalida ba ta sake maganar wani karatu ba. An kuma ba ta wani gurbin a nan Madina, a sashen koyon aikin akanta, wanda ta saka don babanta ya ce kada a dogara da ƙofa ɗaya. Dole ta zaɓi ɗaya kafin ƙarshen mako. In ta saki na Jidda, wata za a ba.

Lurwanu ya dawo daga shago da la'asar. Gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake yi a unguwar Ƙurban, kuma a Madina mai wannan sana'a ba ya rasa kira. Ya ji labari, ya yi hamdala, ya dafa kan 'yarsa.

"To kifin ma sai an je jami'a kafin a san shi? Ga uwarki nan ta san shi tun ba a haife ki ba, da albasa da yaji."

Khalida ta yi dariya, ta ba shi amsa da Larabci kamar yadda ta saba. Shi ma ya yi dariya. Amma da ta fita, fuskarsa ta koma yadda take in ya buɗe na'ura ya tarar wayoyin ciki sun ƙone.

Tsoronsa yana da tushe. Aikinsa yana kai shi istirahohin bayan gari, gidajen shaƙatawar da samari suke haya a ƙarshen mako. Yakan je da safe bayan sun watse. Ya ga tokar shisha a kan darduma, ya ga ƙwayoyi a bayan kujera, ya taɓa ganin wani yaro ɗan gidan mutunci kwance a bakin famfo bai san inda kansa yake ba. Bai cika ba da wannan labari a gida ba, amma yana tare da shi.

"In a garin Manzon Allah ana yin haka," ya ce wa Murja, "ina ga bakin teku? Ban ce a'a ba. Amma ba za ta zauna a sakan ba, gidan kwanan ɗalibai, cikin 'yan matan da ba mu san iyayensu ba. In za ta je, gidan yayarki za ta zauna. Ki tuntuɓe ta."

Hajo ita ce yayar Murja, uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kai ta Jidda tun Murja tana ƙarama. 'Yarta Najwa tana shekara ta biyu a wannan jami'ar, a wani sashe daban. Da aka rushe tsohuwar unguwarsu shekarun baya, Hajo ta ce sun samu gida mai faɗi a arewacin gari. Murja ba ta taɓa zuwa sabon gidan ba. Mutanen Madina ba su cika zuwa gidan kowa ba, su ake zuwa wa. Duk shekara Hajo takan zo ziyara, ta sauka gidan su Murja a unguwar Ranuna, a ci a sha, ta koma.

Akwai wata al'ada da kakanninsu suka zo da ita daga ƙasar Hausa, ta zauna daram ko da harshen ya fara zamewa daga bakin jikoki. Ba a ce wa ɗan'uwa, "Ka riƙe mini ɗana." In ya ce a'a, zumunci ya samu tabo, in ya ce to ba da son ransa ba, yaron ne zai sha. Sai dai a kewaya. A ce yarinya ta samu makaranta a garinku, yaya makarantar take? Mai niyya ba ya bari a ƙarasa, zai ce, "Ku turo mini ita, ai 'yata ce."

Washegari bayan la'asar Murja ta kira, ta buɗe muryar wayar don Lurwanu ya ji. Aka gaisa, aka tambayi Idrisa mijin Hajo, aka tambayi jikoki. Sannan Murja ta ce, "Yaya, 'yarki ce ta samu gurbi a makarantar su Najwa. Muka ce bari mu ji daga bakinki, yaya wurin yake?"



"Makarantar su Najwa," in ji Hajo. "Hmm. Murja, in faɗa miki gaskiya ko in faɗa miki abin da zai yi miki daɗi?"

"Gaskiya, Yaya."

"Ranar Alhamis ki zo ki tsaya a bakin ƙofar makarantar nan ki ga motoci. Yarinya ta fito da abaya kamar ta Allah, kafin a kai bakin teku an ninke abayar an sa a jaka. Hafla ce wannan, hafla ce waccan, wai murnar gama jarrabawa, wai ranar haihuwar ƙawa. Maza da mata wuri ɗaya, kiɗa kamar za a tsaga ƙasa. Wata 'yar mutanenmu aka ɗauke ta a waya tana rawa, bidiyon ya zaga ko'ina. Ubanta ya daina salla a masallacin unguwa. Ni kaina Najwa, ba don ta yi nisa ba, da na cire ta. Kullum hannuna a ƙirji yake."

Murja ta jira. Ta bar fili, ta yi tari, ta ce, "To, Allah ya kyauta." Hajo ta ce amin, ta tambayi ko dabinon bana ya fara shigowa kasuwa.

Da aka kashe wayar, Lurwanu ya ce, "Kin ji da kunnenki. Wadda take da 'ya a ciki ce ta faɗa."

Murja ta ji. Ta kuma lura cewa yayarta ba ta ce a turo yarinyar ba, abin ya soke ta. Ta so ta sake kira ita kaɗai ta tambaya. Amma ƙanwa ba ta titsiye yaya, kuma wani ɓangare na zuciyarta ya ce, in ba ta son 'yata, ba zan roƙe ta ba. Sai ta riƙe labarin motocin, don ya fi sauƙin riƙewa.

Khalida ta shafe yammacin a ɗakinta tana magana da Najwa a waya. Da ta fito idanunta sun yi ja. Ta zauna a gaban babanta.

"Abuya, ka bar ni in zauna a sakan. Akwai mai tsaro, ana rufe ƙofa, ana kiran iyaye in yarinya ba ta dawo ba."

"Da halarki a gari? A ce 'yar Lurwanu tana kwana cikin baƙi, yayar uwarta tana nan da ranta? Me za a ce da ita, me za a ce da mu?"

"Hala tana..." Ta tsaya.

"Tana me?"

"Babu komai." Ta share hanci. "Umair ya yi karatunsa kaf a Riyad, ba wanda ya kira kowa ya tambayi ranar Alhamis."

"Yayanki namiji ne."

"Istirahar da kake zuwa gyara, mata ne suke ɓata ta?"

Murja ta ce, "Ke, iya bakinki." Lurwanu bai yi fushi ba. Ya dubi 'yarsa da tausayi, ya ce da a ce zai iya ɗaukar shagonsa a ka ya kai Jidda, da ya yi. Ya ce shekara huɗu kamar gobe ne, kuma teku ba gudu za ta yi ba. Ya ce wata rana za ta gode masa.

Ranar ƙarshe ta miƙa masa wayar ta ce ya danna da kansa. Ya ce a'a, karatunta ne, hannunta ya kamata. Ta danna Madina, ta ajiye wayar a kan darduma, ta tashi ta wanke kofunan shayi.

Ta fara zuwa sashen akanta. Ba ta faɗi jarrabawa ba, ba ta makara ba. In an tambaye ta karatu sai ta ce, "Tayyib," wato lafiya lau. Hotunan kifayen da ke bangon ɗakinta ta cire su ta ba 'yar maƙwabta.

Bayan an shiga zango na biyu, Hajo ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Wannan karon babu zancen ziyara. Murja ta hau jirgin ƙasa ta tafi jinya, ko da yake Hajo ta yi ta cewa kada ta wahalar da kanta. Najwa ce ta tarbe ta a tasha. A mota yarinyar ta yi ta kallon titi.

Gidan yana hawa na uku a wani tsohon bene mara lif. Ɗaki biyu ne da ɗan falo. Babban ɗan Hajo da matarsa da 'ya'yansu uku suna ɗaki ɗaya. Hajo da Najwa suna ɗayan, tare da akwatunan tsohon gida da aka jera har rufi. Katifar Idrisa tana jingine a bayan ƙofar falo, sai kowa ya shige ake shimfiɗa ta. Littattafan Najwa suna kan matakalar da ke hawa rufin bene, nan take karatu.

A ranar Murja ta kama aikin jinya. Ta yi wa yayarta wanka, ta dama mata kunu, ta gyara mata matashi. Washegari da hantsi, yara sun tafi makaranta, gidan ya yi shiru, tana shafa mata mai a ƙafa, ta ce, "Yaya, maganar haflar nan."

Hajo ta rufe ido. "Ina zan sa ta, Murja? A kan firij?"

"Da kin ce mini babu wuri."

"Wuri kika tambaye ni? Makaranta kika tambaye ni. Ga mijinki yana ji, ina jin numfashinsa. In ce masa Idrisa a bayan ƙofa yake kwana?"

"To motocin, da yarinyar da aka ɗauka a waya?"

"Akwai masu yi. A ina ne babu? Yarinyar ma an yi, amma ba a makarantar ba ce, kuma ta yi aure tuni." Ta buɗe ido. "Najwa daga aji sai gida. Ko kuɗin mota ba ya isarta zuwa bakin teku, balle hafla."

"Da kin bar ta ta zauna a sakan, kin ce kina leƙa ta."

"Ina gari 'yarki tana sakan? Kowa zai tambaya me ya sa. Ke ma da kin tambaya." Hajo ta kama hannun ƙanwarta. "Don Allah ki rufa mini asiri wurin Lurwanu. Sau nawa na ci tuwon gidansa ina ba shi labarin falona."

Murja ta ci gaba da shafa man. Ƙafar yayarta ta rame, fatar ta yi laushi kamar ta mahaifiyarsu a ƙarshen rayuwarta. Ta nemi fushin da za ta yi, ta same shi, ta rasa inda za ta sauke shi.

Da ta dawo Madina, ta samu Khalida da safe tana ɗaura ɗankwali za ta fita. Ta rufe ƙofar ɗakin, ta faɗa mata abin da ta gani. Khalida ta saurara har ƙarshe tana kallon madubi.

"Na sani, Ummi. Najwa ta faɗa mini tun ranar da kuka kira. Ta sa na rantse."

"Kika yi shiru? Kika bar gurbinki ya tafi?"

"Ku kuka koya mana ba a tona asirin manya."

Murja ta zauna a bakin gado. Ta ce za ta yi wa babanta magana, baɗi ta sake nema, ta zauna a sakan, duk abin da mutane za su ce su ce.

"Zai tambaye ki me ya canza," in ji Khalida. "Za ki faɗa masa?"

Murja ta shiga gyara zanin gadon da take zaune a kai. Khalida ta jira ta daidai gwargwado, ba tare da gaggawa ba. Sai motar da ke kai su makaranta ta yi hon a waje. Ta ɗauki jakarta, ta sumbaci goshin mahaifiyarta, ta fita.

Lurwanu ya shigo cin abincin rana da ƙura a gwiwar wandonsa. Ya tambayi jikin Hajo, ya yi mata addu'a. Ya ce daga wata istiraha yake a hanyar bayan Ƙuba, abin da ya gani a can ba ya faɗuwa ana cin abinci.

"Duk lokacin da na shiga irin wuraren nan sai in gode wa Allah, in gode wa yayarki," ya ce. "Da wata ce, da ta ɓoye mana don kunya. Ki ce mata ina gaishe ta da kyau."

Murja ta ɗebo miya ta zuba masa a gefen shinkafa. Ya ce ta ƙara kaɗan, ta ƙara.

"Zan faɗa mata," ta ce.