Fom Ashirin na Kusfa

Aikin nan ya lalace ne saboda Aƙilu ya ga ƙarya da idonsa, ya yi shiru.

Su huɗu aka haɗa rukuni ɗaya a shekararsu ta ƙarshe a kwaleji: Aƙilu shugaba, Sagiru abokinsa tun ƙuruciya, Nabil mai kwamfuta, sai Asama'u, 'yar ƙauye da ke zaune gidan gwaggonta a unguwar Limancin Kona. Shekara biyu babanta ya yarje mata ta yi a birni, ba ƙari. An ajiye mata gurbi a ƙaramin asibitin garinsu, takardar kammalawa kawai ake jira.

Aikin shi ne a shiga gida arba'in, a tambayi matan gida inda suke samun ruwan sha da yadda suke ajiye shi, a cike fom. Maki ɗaya ne na kowa. In an ci a ci tare, in an faɗi ma haka.

To, a cikin birni baƙon namiji zaure ne iyakarsa. Asama'u ta ɗauki gida ashirin a Limancin Kona, ta yi mako biyu tana bi da ƙafa, nan a shimfiɗa mata tabarma, can a ce maigida ya hana. Sagiru ya ɗauki ashirin a unguwar Kusfa, inda ya tashi kafin su koma Ƙofar Galadima. Ya ce ƙanwarsa za ta shiga masa.

Saura kwana huɗu a miƙa aiki, Aƙilu ya same shi a zaure, fom ashirin a cinya, biro biyu a hannu, shuɗi da baƙi, yana canjawa.

"Malam, me nake gani?"

"Bincike ne, ranka ya daɗe, shugaba."

"Ina ƙanwar taka?"

"Tana Kaduna biki. Kai, wane gida ne a Kusfa ban sha ruwan randarsa ba? Zauna ka taya ni. Hajiya Ladi tana tafasa ruwa ko ba ta tafasawa?"

"Ni ina zan sani?"

"To tana tafasawa. Mun yi mata sutura."

Aƙilu ya yi dariya. Wannan dariyar har yau ita ke cinsa. Da ya kira Asama'u a ranar, da ta shiga gidajen nan cikin kwana uku, don sau biyu tana tambaya ko ana neman hannu. Amma ya za a yi ya tona mutumin da suka ci tuwo kwano ɗaya? Da ta tambaye shi washegari, sai ya ce, "Kusfa an gama."

Nabil ya buga, aka ɗaure, kowa ya sa hannu a shafin farko.

Ranar gabatarwa, Malam Yari, malamin kos ɗin, ya yi ta juya fom ɗin, sai ya tsaya a kan ɗaya.

"Wa ya yi magana da Hajiya Ladi ta Kusfa?"

Sagiru ya ce, "Ƙanwata ce, Malam."

"Lallai ƙanwarka ta yi ƙoƙari. Hajiya Ladi yayar mahaifiyata ce. Bara da azumi muka kai ta makwancinta."

 Asama'u ta juyo, ba Sagiru ta kalla ba, Aƙilu ta kalla.

Aƙilu ya bi Malam har ofis, ya rantse yarinyar nan ba ta san komai ba, nata ashirin ɗin gaskiya ne, a je a duba gida gida. Malam Yari ya buɗe shafin farko ya ɗora yatsa.

"Wannan sa hannun wa?"

"Nata ne."

"Kai kuma ka sani tun yaushe?"



Aka ba su sifili, kowa ya maimaita shekara. Mazan uku suka maimaita daga gidajen iyayensu, suka fita. Sagiru har walima ya yi.

Asama'u kuwa shekara biyunta ta cika, babanta ya aiko ƙaninsa da babur, aka ɗaure akwatinta a baya. Gurbin asibitin aka ba wata. Ita tana can ƙauye, ba takarda, tana taya uwarta surfe.