Albasar Fadila

Wayar ta bi hannu bakwai kafin ta dawo wurin Malam Ɗantsoho. An gama addu'ar arba'in ta 'yarsa Fadila, an shafa, amma maza ba su tashi daga tabarmin ƙofar gida ba, ana jiran abincin sadaka. Kabo ne, maƙwabcinsa a lambu, ya matsa masa ya nuna wa jama'a hotunan da marigayiya ta riƙa turowa daga ƙasar Holan, inda ta je karatun noman rani.

"Wannan kuma ina ne?" in ji wani dattijo da ya zo daga Sandamu, ya kai wayar har bakin hancinsa.

"Landan," in ji Ɗantsoho. "Kew suke ce masa. Ka ga ɗakin gilashin can? Itatuwan ƙasashen zafi suka zuba a ciki, suna hura musu ɗumi."

"Ikon Allah! Itace ma da ɗakinsa, ga mu nan muna kwana a rumfa."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan makoki. Ya nuna musu na Versailles a Faransa, inda aka aske shuke-shuke tas aka jera su sahu-sahu. Ya nuna musu wani a Marakish ta Maroko, mai shuɗin bango da ƙayoyi jibga-jibga, wanda ta ce za ta je in ta gama jarrabawa. Ba ta je ba. Da ya zo kan na ƙarshe sai ya kashe wayar ya jefa aljihu, don wannan ba ya iya kallonsa a gaban mutane.

Keukenhof sunan wurin, wani lambun furanni a can Holan. Daga cikinsa ta kira shi a bara, tana juya wayar don ya gani: furanni ja da rawaya da fari, fangali bayan fangali, iya ganin ido.

"Baba, tulif ke nan. Daga kai yake fitowa kamar albasa. Kawuna miliyan bakwai suke binnewa a nan duk shekara, kuma da hannu."

"Miliyan bakwai? To nawa ake sayar da buhu?"

"Ba a ci, Baba. Kallo kawai ake zuwa yi."

"Ba a ci? Lalle mutanen nan sun ƙoshi."

Ta yi ta dariya har wayar na rawa. Ta ce sai ta kawo masa iri ya gwada, a ga ƙarshen cika bakin da yake yi cewa ba abin da ba zai tsira a hannunsa ba.

Ciwon sikila ya tashi mata da shigowar sanyinsu, kwana huɗu ta yi a asibiti. A can Musulmin garin suka yi mata sutura, suka rufe ta. Shi kuwa yana zaune a zaure a Daura, ya kalli jana'izar 'yarsa ta waya, hoton na tsayawa yana tafiya. Mutumin da ya shekara arba'in hannunsa a cikin ƙasa, bai samu ya zuba ko tafi ɗaya a kan 'yar da ya haifa ba. Wannan abu ya fi rasuwar kanta cin ransa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Kabo.

Da ƙawarta ta kawo akwatinta, a ƙasan kaya ya tarar da 'yar jakar raga, kawunan tulif goma sha biyu a ciki, da takarda da rubutun hannunta: "Baba, a sa a firij wata biyu, a binne da tsakiyar sanyi. Kar a ci!" Ya naɗe su a baƙar leda ya tura can bayan firij ɗin da ita ta saya musu, mai aiki da hasken rana. Ya riga ya gyara fangali ɗaya a inuwar mangwaro, ya kai taki ya kai yashi. Ko fure ɗaya ne ya fito ya ishe shi. Saura kwana talatin da biyu, kullum da safe sai ya ƙirga.

Kabo kaɗai ya nuna wa, bai gaya wa yayarsa Shatu ba. Ita ta raini Fadila tun tana wata bakwai, da uwar ta rasu, kuma tun ranar da labari ya zo ko sunan yarinyar aka ambata sai ta zube. Ya yi niyyar sai furen ya buɗe ya kama hannunta ya kai ta lambu.

"Malam, Yaya Shatu na kiranka a zaure," in ji Kabo.

Ya tashi ya shiga. Cikin gida cike yake da mata, ana ta kwaramniyar tukwane, shi ya sa ta tsaya masa a bakin ƙofar ciki. Da kwanon sha a hannunta, an rufe da faifai. Abin da ya fara ba shi mamaki fuskarta ce. Murmushi take yi.

"Kai Ɗantsoho, zo nan in ji. Wa ya cuce ka?"

"Da me, Yaya?"

"Gidan mai albasa, a ce albasa ta ƙare ana tsakiyar miya! Na san ba lokacinta ba ne, ta yi tsada, amma ai da kunya. Ina buɗe firij in sa zoɓo sai ga wadda ka ɓoye a leda. Na ce kun ga rowar tsoho, har albasa yake sa wa a firij." Ta ɗaga faifan. "To duba abin da aka sayar maka."

Fari fat, an yanka siriri-siriri, irin yankan da take yi a tafin hannu ba tare da ta duba ba. Jan ɓawon na gefe, da gindin da ta fara cirewa.

"Na yanka ta farko, ba ƙamshi, ba yaji. Na ce ko ta gaba. Na yanka ta biyu, haka. Wallahi har sha biyun, ko ɗigon hawaye ba su sa ni ba. Na ɗanɗana a harshe na tofar. Barakatu maƙwabciyarmu ta ce a zuba a miya hakanan, na ce ba da ni ba, ba a sadakar 'yata ba." Sai dariya ta ƙwace mata, ta dafa bango. "Sarkin albasa guda! Da Fadila na nan yau da ka shiga uku da tsiya."

Ta ambaci sunan, kuma ba ta zube ba. Kwana arba'in rabon da ya ga haƙoranta.

Ɗantsoho ya matso kusa. Takardar Fadila na aljihun gabansa, yana jin ta a ƙirji. Ya dubi kwanon da idon manomi, yana neman ko guda ɗaya da ta tsira da gindinta a haɗe. Babu. Shatu ba ta aikin rabi da rabi. Ya so ya yi ihu, ya so ya ce mata kin san abin da kika yanka kuwa? Ya buɗe baki. Ta ɗago tana share idon dariya da bakin mayafi, tana jiran ya kare kansa.

"An cuce ni kam, Yaya," ya ce. "A kasuwa ne, ina sauri, ban duba ba."

"Ato! Tsufa ya zo. Bari in watsa wa awaki."

"A'a, kar ta ɓata musu ciki. Kawo in zubar da kaina."

Ya sa ta ɗauko masa baƙar ledar, ya juye a ciki, har ɓawon, ya miƙa mata kwanonta. Ta koma ciki tana kiran Barakatu ta zo ta ji, mai albasa ya amsa laifinsa.

Ya zauna aka ci abinci, ya yi wa kowa godiya, ya raka baƙin Zango da na Dutsi bakin mota. Bayan la'asar ya rataya ledar a keke ya kama hanyar lambu. Kabo, da ya ga ledar tun a zaure ya kuma gane ta, ya biyo shi a baya.

A inuwar mangwaro Ɗantsoho ya tuɓe babbar riga ya ɗauki fartanya. Ya yi ta haƙa, ya wuce zurfin da ake binne iri, bai tsaya ba. Kabo ya dubi ramin. Siriri ne, tsawon kamu ɗaya, ya miƙe daga kudu zuwa arewa, an gyara gefensa sumul. Shekara talatin suna noma kafaɗa da kafaɗa, bai taɓa ganin ramin shuka haka ba, amma ya san inda ake haƙa irinsa.

Ɗantsoho ya durƙusa ya kwance ledar. Ya jera yankakkun a hankali da hannu biyu, ya zaro takardar ya karanta sau ɗaya, ya ninke ya ɗora a kai. A nan kukan ya zo masa, kukan da bai yi a zaure ba ranar da yake riƙe da waya. Ya ɗebi ƙasa ya zuba, ya sake ɗiba, ya sake.

Kabo ya cire takalmansa ya tsuguna a ɗaya gefen. Shi ma ya zuba tafi uku. Suka rufe tare, suka tara ƙasar ta yi 'yar tudu.

Can Kabo ya dubi injin ban ruwa da ke bakin rijiya.

"Malam, in tada inji?"

Ɗantsoho ya girgiza kai.

"A'a. Miƙo min butar can. Yayyafawa ake yi."